Mai gyara ya ji sunan fiyanona ya ƙi zuwa: raini ne?

Wata malama daga Wusasa ce ta aiko da wannan tambaya: "Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fiyano na katako, irin wanda ake jinginawa da bango, da sunan wani kamfanin Landan a goshinsa. Ya fi shekara goma ba wanda ya ɗaura shi, wato ya ja tsarkiyoyinsa ya daidaita sautinsa. Na kira masu gyara biyu, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Jos. Na farko da ya ji sunan sai ya ce shi in ba Yamaha ko Kawai ba ne ba ya sa hannu. Na biyu ya ce zai kira ni, har yau shiru. Raini ne, ko kuwa kayan ne ba su da amfani? In sayar in nemi mai suna?"

Malama, Allah ya ba Baba hutawa, ku kuma ya ƙara muku haƙuri. Kada ki sayar tukuna, kada kuma ki bar kowa ya sa sifana a jikinsa kafin a yi masa duba na tsanaki. Na daɗe ina wannan sana'a a nan Zariya, kuma na san abin da ke zuciyar mutanen nan biyu, domin abin da suke gudu ni ma ina gudunsa. Akwai fiyanon da nake buɗewa, in duba, in mayar da murfi, in ce wa mai shi ba zan ɗaura ba. Inda na saɓa da su shi ne ni sai na je na gani da idona. Sunan da ke goshin fiyano yana gaya wa mai gyara wani abu, amma ba ya gaya masa ko kayan na da sauran rai.

Yawancin mutanenmu in aka ce fiyano, kibod ɗin situdiyo ko na coci ke faɗo musu a rai, wanda ake jona wa wuta. Naki dabam ne. Na zamani madannai 88 gare shi, tsofaffin na Ingila da yawa kuma 85 ne. Kowane madanni yana tura 'yar guduma mai kan ulu ta bugi tsarkiya. Tsarkiyoyin sun kai kimanin 230, kuma in aka haɗa ƙarfin jan da suke yi a fiyanon zamani yakan kai tan 18 zuwa 20. Firam ɗin ƙarfen zubi ne ke ɗauke da wannan nauyi. Kowace tsarkiya an naɗe kanta a jikin ƙusar ƙarfe, ƙusar kuma an kafa ta cikin wani katako mai kauri da ke bayan firam. Ba noti, ba gam. Matsin katakon nan kaɗai ke hana ƙusa juyawa da baya. Ran da katakon ya saki, ko wa ya ƙera fiyanon, ɗauri ba zai zauna ba. Ki riƙe wannan, don duk maganar da zan yi a kansa take.

To me ya sa abokin sana'ata na Kaduna ya kira sunan kamfanonin nan biyu? Yamaha ya fara ƙera fiyano a garin Hamamatsu na Japan a 1900. Kawai ya kafu a wannan garin a 1927, wanda ya kafa shi ma, Koichi Kawai, a wurin Yamaha ya koyi aiki. Abin da masu gyara ke so a kayansu shi ne awo ba ya canzawa. Ɗauki samfurin U1 na Yamaha mai tsayin santimita 121, ko U3 mai 131. In na buɗe ɗaya kamar na buɗe dubu ne. Na san kaurin tsarkiyarsa, na san inda yakan fara gajiya, in guduma ta karye na san wadda zan yi oda ta zo ta shiga daidai. Tamkar bakanike ne da motar da kayanta ke kowane shago. Wanda zai taso daga Kaduna, kilomita 80 zuwa, 80 komawa, da tsadar mai, lissafinsa shi ne ya yi awa biyu ko uku ya gama, ya kama hanya tun da sauran rana. Na Jos kuwa tafiyarsa ta ninka haka har da ɗori.

Da suka ji "Landan" suka kuma ji "shekara goma", na san hoton da ya zo musu. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, masana'antun Ingila sun ƙera ɗimbin fiyano masu araha don gidajen ma'aikata. A yawancinsu, 'yan matosan ulun da ke kashe amon tsarkiya in ka ɗaga yatsa a saman gudumomi suke, an ɗaure su da dogayen wayoyi da suka jeru a gaba kamar keji. Masu gyara na can ma kejin tsuntsu suke ce masa. Wayoyin nan na tare wa hannu hanya, aikin awa biyu ya koma na wuni, kuma ko ka gama, amon ba ya ɗaukewa da wuri, yana ta bin kiɗa a baya. Wasunsu firam ɗin ƙarfen bai ma kai sama ba, katako ne ke shan wahalar. Kayan gyaransu kuwa an daina yi tun tuni.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci wa mai gyara rai. Shekarun baya wata makaranta ta kira ni, suna da bikin yaye ɗalibai ran Asabar, fiyanon zaurensu ya sauka da madanni guda cur: in ka danna "doh" sai ka ji "ti" na ƙasa. Na haska tocila na ga tsatsa ta ci wuyan tsarkiyoyi, daidai inda suke naɗuwa a ƙusa. Na gaya wa mai kula da kuɗinsu cewa in aka ja su zuwa inda ya kamata wasu za su tsinke. Ya ce in ja kawai, mawaƙan makarantar na jira. Na bi su a hankali, ina sassauta kowace kaɗan kafin in ja don tsatsar ta sake ta. Duk da haka uku suka tsinke, ɗaya kuma daga cikin masu kaurin nan ne na hannun hagu, waɗanda ake naɗe wa jan ƙarfe. Irinsu ba a samu a shago. Sai ka auna tsawo da kauri, ka aika ƙasar waje a naɗa maka, ka jira. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu cewa mai gyara ya ɓata fiyanon makaranta. Sakacin shekara talatin, wanda ya taɓa kayan a ƙarshe aka ɗora wa. Abin ya daɗe yana damuna, kuma tun daga ranar ba na jan tsohuwar tsarkiya sai mai kaya ya sa hannu a takarda cewa na faɗa masa. Mai gyara ba shi da jarin da ya wuce sunansa, garin kuma ƙarami ne. Wannan tsoron ne ya hana mutumin Jos kiran ki.

Na fahimce su, amma ban ba su gaskiya ba, ga kuma dalilina.

An ce suna linzami ne. A harkar fiyano sau da yawa linzamin wani doki ne ake sa wa wani. A Ingila da Amurka, masu shagon kayan kiɗa sukan sayo fiyano daga masana'anta su rubuta sunan shagonsu a goshi. Sunan Landan ɗin da ke jikin na Baba yana iya zama na ɗan kasuwar da ya sayar, maƙerin kuwa wani ne, wataƙila ma Bajamushe. Sunan gaskiya, in akwai, yakan fito a jikin firam ɗin ƙarfe ko a hatimin da ke kan injin gudumomi. Sannan Landan ɗin ma ai ba mutum ɗaya ba ne. Akwai Broadwood, wanda fiyanonsa ya isa hannun Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan Bajamushe, a 1818, akwai Chappell, akwai Knight da masu gyara har yau ke yaba ƙarfin ƙirarsa. Wanda ya haɗa waɗannan da kejin tsuntsu ya zuba a kwando ɗaya bai yi wa sana'a adalci ba.

A kayan zamani ma haka abin yake, har ya fi. Steinway, da aka kafa a New York a 1853, shi ne sunan da kowa ke rusuna wa. Amma fiyanonsa mai suna Boston a masana'antar Kawai ake ƙera shi, mai suna Essex kuma a masana'antar Pearl River da ke Guangzhou ta ƙasar Sin. Na sha ganin mai gyara ya taɓe baki in ya ji an ce ɗan Sin ne, shi ɗin dai in ya ga Essex ya gyara tsayuwa. Bösendorfer na birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, da ya faro tun 1828, yana hannun Yamaha tun 2008. Tsofaffin sunayen Jamus da Ingila da dama an saye su, ana manna su a kan fiyanon da aka haɗa a Asiya. Manyan ma suna da shekarunsu na tuntuɓe: daga farkon shekarun 1960 zuwa farkon na 1980, Steinway na New York ya maye gurbin ulun da ke cikin gaɓoɓin injinsa da robar Teflon. Katako na kumbura yana motsewa da yanayi, robar ba ta bin sa, sai gaɓoɓi su riƙa ƙaras-ƙaras ko su cije, daga baya kamfanin ya koma ga ulu. Don haka ko an ce mini Steinway ne, tambayata ta gaba ita ce na wace shekara, kuma a wane ɗaki ya zauna.

A wane ɗaki ya zauna: nan ne maganar ta zama tamu ta Zazzau. Fiyano yana son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Mu kuwa a Agusta danshi na haura kashi 70, a tsakiyar hunturu kuma yana iya faɗowa ƙasa da 20. Kin san yadda ƙofar katako ke cijewa da damina, Janairu na yi ta koma sako-sako har iska na kaɗa ta. Abin da hunturu ke yi wa diddige har ya yi faso, shi yake yi wa cikin fiyano. A bayan tsarkiyoyi akwai wani faffaɗan allo siriri, shi ke ƙara wa sauti ƙarfi, a kansa kuma akwai dogon katakon da tsarkiyoyi ke hawa, irin abin da masu goge ke kira jaki. Da damina allon ya sha danshi ya turo jaki gaba, tsarkiya ta ƙara miƙewa, sauti ya hau. Da hunturu ya motse, sauti ya sauka. Shekara bayan shekara ana wannan kai da komo, gam na saki, allo na tsagewa, ramukan ƙusoshi na buɗewa. Iskar gabas ba ta karanta sunan da ke goshi.

Kamfanin Yamaha da kansa ya bayyana cewa yana busar da katako gwargwadon ƙasar da za a kai kayan. Wanda aka yi don gidajen Japan, ƙasa mai danshi, ba a busar da shi kamar wanda za a kai Amurka, inda ɗumama ɗaki lokacin sanyi ke busar da iska. To, babban kaso na fiyanon gwanjo da ke yawo a kasuwar duniya daga gidajen Japan ake kwaso su. In suka sauka a Legas, danshi ya tarbe su, sai ka ji murya garau, fenti na sheƙi. Gwajin gaske sai an hau da su Arewa.

Wani maigida a Samaru ya sayo wa 'yarsa irin wannan daga Legas, baƙi wuluk mai ɗaukar ido, da babban suna. Aka ajiye shi a falo ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, gefen tagar gabas. A hunturu na biyu yarinyar ta ce cikin dare ta ji "ƙas" kamar an karya kara. Da na je na leƙa baya, ga tsaga a allon sauti, doguwa, har hasken tocila na ratsa ta. Na ɗora sifana a ƙusoshin tsakiya, ina ja, ina ɗauke hannu suna komawa da kansu, ana jin sauti na zamewa ƙasa. A cikin watan nan dai wata dattijuwa a Sabon Gari ta sa jikanta ya kira ni. Nata fiyanon duk ya kwarzane, madannai biyu sun rasa farin bayansu, sunansa ma ban same shi a kundin da nake duba shekarun ƙira ba. Amma a ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya yi rayuwarsa, nesa da taga. Na sa sifana, ƙusa ta yi mini gardama irin wadda nake so, ta motsa da ɗan "tak" ta tsaya cak. Na bi su duka, biyar kaɗai suka nuna rauni. Ya sha hunturu ya fi hamsin, abin da zai motsa a jikinsa ya gama motsawa tun tuni. Na ɗaura shi, har yau ina zuwa masa sau ɗaya a shekara.

Shi ya sa na ce kada ki yi gaggawa. In fiyanon Baba ya daɗe a Wusasa, ya riga ya saba da iskarmu, abin da sabon zuwa ba shi da shi ko nawa aka saye shi. Akwai ma wani abin: tun da mishan ta koma Wusasa a 1929, kaya da yawa sun shigo ta hannun 'yan mishan da ma'aikatan Turawa, kuma kamfanonin Turai suna da ƙira ta musamman don ƙasashe masu zafi. Ba sa dogara da gam kaɗai. Za ki ga 'yan ƙananan ƙusoshi sun riƙe farin bayan madannai, an ɗaure ulun gudumomi da waya, an ƙara sukurori a jikin akwatin. In kin ga haka, kin riƙe abin da ya cancanci a wahala a kansa.

Ga abin da za ki iya yi da kanki. Ki ɗaga murfin sama ki haska ciki. Gudumomi kike gani a fili, ko jerin wayoyi ne suka tare su? Tsarkiyoyin hannun hagu sun gitta kan sauran a karkace, ko duk a miƙe suke daga sama zuwa ƙasa? Masu gittawa su ne ƙirar da ta fi inganci. Ki nemi lambar ƙira, yawanci tana kusa da ƙusoshi, da ita ake gane shekara. Sannan ki durƙusa ƙarƙashin madannai, akwai ɗan ƙarfen da ke riƙe allon ƙasa, ki danna shi allon zai fito. Ki duba ko akwai ginin gara, ko garin katako a zube, ko kashin ɓera. Ɓera na son ulu da 'yan igiyoyin injin don yin sheƙa, asu ma haka. Daga nan ki bi madannai ɗaya-ɗaya. Wanda ya maƙale bai taso ba, ko wanda ya yi shiru, kada ya tayar miki da hankali, yawanci ƙaramin aiki ne. Wanda nake tsoro shi ne madannin da in kin danna za ki ji kamar muryoyi biyu ko uku na faɗa da juna, nesa da nesa. A tsakiya da sama kowane madanni tsarkiya uku yake bugu, in ɗaya ta faɗi warwas ta bar 'yan'uwanta, ƙusarta ce ta saki. Ki ƙirga irinsu. In 'yan kaɗan ne a warwatse, ana iya ƙara kafa ƙusar, ko a sa mai ɗan kauri, ko a ɗura siririn gam na musamman a ramin. In kuwa sun jeru a layi ɗaya, alama ce katakon ya tsage daga ciki.

Ina roƙon ki, kada a sa mai ko wane iri a ƙusoshi ko tsarkiya don ganin tsatsa. Man keke, baƙin mai, duk ɗaya ne: in ya tsiyaya cikin katakon ƙusoshi an gama da fiyanon, babu mai iya cire shi. Kada a fesa fiya-fiya a ciki. Kada a ba kafinta ko mai gyaran kibod, ko da kuwa na kirki ne, don ba layinsu ba ne.

Ni abu uku ne ke sa in ɗauke hannu: firam ɗin ƙarfe ya tsage, ko katakon ƙusoshi ya rabe, ko gara ta cinye ginshiƙan baya. A nan kuɗin gyara zai fi kuɗin kayan, kuma karɓar kuɗinki a kan ɗaurin da zai warware cikin mako cuta ce. In haka ta kasance zan gaya miki gaskiya, ki ajiye shi a matsayin abin tunawa da Baba, ki nemi wani na kiɗa. Ko kejin tsuntsu ne ba na ƙi saboda ƙirarsa. Ina dai faɗa wa mai shi iyakar abin da zai iya bayarwa, kuma kuɗin aikin ya fi, don wuni yake ci.

Akwai hanya ta tsakiya da masu gaggawa ba sa faɗa. Ma'aunin duniya shi ne tsarkiyar madannin tsakiya da ake kira A ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa. In a gida za a riƙa kaɗa shi, ana waƙoƙin sujada da yamma ko yara na koyo, ba dole ba ne a ja shi har can. Ana iya daidaita shi da kansa a ɗan ƙasa, inda tsofaffin tsarkiyoyi za su iya ɗauka, ya yi daɗin ji. Sai in za a haɗa shi da kibod ko kayan busa ne 440 ke zama tilas, wannan kuma ba aikin zuwa ɗaya ba ne bayan shekara goma: a ɗaga shi, a bar shi ya huta 'yan makonni, a dawo a daidaita. Lokaci ma yana da muhimmanci. Kada a ɗaura a Oktoba ko Mayu, sa'ad da iska ke juyawa, don aikin ba zai daɗe ba. A bari hunturu ya kankama, ƙarshen Disamba ko Janairu, ko kuma damina ta zauna a Yuli. Kafin nan ki matsar da shi jikin bangon ciki, nesa da taga da rana da na'urar sanyi, ki lulluɓe shi da zane mai kauri saboda ƙura.

In za ki sake kiran mutanen nan, kada ki fara da suna. Ki aika musu hotunan ciki, ki ce za ki biya kuɗin mota da na duba ko da ba a yi gyara ba, ki nemi su rubuta miki abin da suka gani. Ki kuma tambayi coci-coci da makarantu na Wusasa da Sabon Gari da Samaru, akwai masu fiyano a kulle da ke jiran mai gyara kamar ke. In kuka haɗu ku huɗu ko biyar, wanda ya ƙi tasowa don ɗaya zai zo ya kwana biyu.

Sa'ad da kike haska ciki, ki duba bayan murfi da jikin katakon madannan farko na hannun hagu. Masu gyaran dā sukan rubuta kwanan wata da fensir duk ran da suka ɗaura, wani lokaci har da matakin da suka bar shi. In kin ga irin wannan rubutu ki ɗauki hotonsa ki haɗa da sauran ki turo mini. Daga shi zan san yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, da kaurin tsarkiyar da zan riƙo in zan zo Wusasa.